Laftof Ta Tsufa: Shin Tab Zai Iya Gadar Aikinta?

Kawuna da ke Tudun Wada ya yi ritaya daga koyarwa, amma bai yi ritaya daga rubutu ba. Shi ne sakataren kwamitin masallacin layinsu. Shi ke rubuta takardar gayyata idan za a zauna, shi kuma ke riƙe da lissafin kuɗin da ake tarawa na gyaran rijiyar burtsatse. Duk wannan a kan wata tsohuwar laftof yake yi, wadda ya saya ta hannu tun yana bakin aiki. Yanzu ta kai matsayin da idan ya kunna ta, sai ya je ya yi alwala ya dawo kafin ta gama farkawa. Batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa, ana ɗauke wuta take ɗaukewa. Ɗansa da ke aiki a Abuja ya ce zai saya masa tab, wato kwamfutar hannun nan mai kama da allo, kowa ya huta. Kawu bai ba shi amsa ba sai da ya kira ni.

"Kai da ka san kan abubuwan nan, wannan allon zai yi mini abin da wannan take yi?"

Na ce, "Kawu, sai na fara sanin abin da take yi maka tukuna."

Tambayar Kawu ta mutane da yawa ce a Kaduna yanzu, daga malaman makaranta zuwa matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, zuwa iyayen da ke tunanin abin da za su saya wa yaro ya yi karatu. Inda ake yawan kuskure shi ne ana ɗaukar tab a matsayin ƙaramar laftof da aka cire wa madannai. Ba haka abin yake ba. Tab waya ce da aka faɗaɗa. Daga gidan waya ya fito, da ɗabi'un waya ya taso, kuma duk alherinsa da duk gazawarsa daga nan suka samo asali.

Akasarin laftof ɗin da ke hannun mutane a garin nan suna ɗauke da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa lissafi, ta kamfanin Intel ko AMD, kuma Windows ke tafiyar da su. An gina su ne da tunanin cewa akwai soket a kusa, shi ya sa suke zuƙar wuta, suke zafi, har sai an saka musu fanka a ciki. Tab kuwa yana amfani da furosesa mai tsarin ARM, irin wadda ke cikin wayoyi, wadda tun farko aka ƙera don ta yi aiki da wuta kaɗan. Tsarin da ke tafiyar da shi yawanci ko dai Android ne, ko kuma iPadOS idan na Apple ne. Da ma iPad ɗin farko da ya fito a 2010 da tsarin iPhone ya zo, sai a 2019 Apple ya ware masa nasa da suna daban. Ba maganar ƙarfi ba ce: tun 2021 Apple ke saka wa manyan iPad irin furosesar da ke cikin kwamfutocinsa na Mac. Maganar ita ce manhajar da aka rubuta wa Windows ba ta hawa kan irin wannan tab, komai tsadarsa. Abin da za ka samu shi ne ƙanwarta da aka yi wa waya, wani lokaci ta wadatar, wani lokaci ta bar ka a tsakiyar hanya.

A nan Kaduna, babbar hujjar tab ita ce wuta, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma ba ta fuskar da mutane ke zato ba. Lokacin da hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, wasu sun riƙa lissafa laftof cikin abubuwan da ke cinye musu mita. A yi lissafi: laftof da ke jan wat 40, idan ta yi awa biyar a kunne, ta ci kashi ɗaya cikin biyar na yunit guda ke nan, kimanin naira 45 a wancan farashi. Wannan ba shi ne ke talauta mutum ba, dutsen guga da hita sun fi ta laifi nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce lokacin da babu wutar gaba ɗaya. Laftof mai mataccen batir tana buƙatar a tayar mata da janareto, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da inji don a buga wasiƙa mai shafi ɗaya ya zama abin da mai hankali zai yi tunani sau biyu a kansa.

Tab ba ya cikin wannan damuwa. Cajar laftof yawanci wat 45 ce ko 65, tsofaffin kuma suna son bolt 19 ko kusa da haka ta wani bakin caja nasu na daban, don haka fawa bank ɗin waya ba ya yi musu komai. Tab kuwa da caja mai wat 10 zuwa 20 yake cika, kuma sababbin duk bakin USB-C gare su, irin na wayoyin yanzu. Fawa bank mai lamba 20,000 yana ɗauke da kimanin wat-awa 74. Batirin iPad na goma, wanda ya fito a 2022, bai kai wat-awa 30 ba. Ko an cire abin da ke salwanta wajen caji, zai cika shi kusan sau biyu, kuma Apple na cewa kowane ciko yana kai awa goma ana kallo ko ana yawo a intanet. Ɗan ƙaramin faifan sola da ake ɗorawa a kan kwano ma ya ishe shi. Idan ta ƙure, a kai shi wurin mai cajin waya na bakin layi, a karɓo da yamma. Wanda ke zaune a unguwar da wuta ke zuwa da tsakar dare ta tafi kafin asuba ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan darajar wannan.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fankar laftof tana shaƙar ƙurar hunturu tana tarawa a ciki har ta toshe hanyar iska. Idan zafin Maris da Afrilu ya shigo, na'urar ta riƙa huci, ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wani lokaci ta mutu ana tsakiyar aiki. Tab ba shi da fanka, ba shi da ƙofar da ƙura za ta bi. Nasa abokin gabar daban ne: faɗuwa ƙasa, da hannun yara.

Ga wanda aikinsa karatu ne da kallo da saurare, ni ban ga abin da laftof za ta nuna wa tab ba. Karatun Alƙur'ani a fuska mai faɗi, littattafan PDF na fiƙihu ko na makaranta, sauraren tafsiri a YouTube cikin azumi, taron Zoom, kiran bidiyo da 'ya'ya da ke nesa, duba jaridu, duk ya fi daɗi a kansa. Ana taɓa shi yake farkawa. Dattijon da idonsa ya fara rauni zai buɗe rubutu da yatsu biyu ya ƙara masa girma yadda yake so. Mai sayar da kaya ta intanet za ta nuna wa mai saye hoton leshi a fuskar da launi ke fita sosai, ta amsa saƙonni, ta rubuta wanda ya biya da wanda ake bi. WhatsApp yana ba da damar haɗa lamba ɗaya da na'urori har huɗu bayan wayar, kuma tun watan Mayun 2025 ya fitar da manhajarsa ta iPad, wadda aka shekara da shekaru ana jira. Gaskiyar magana, mutane da yawa da ke cewa suna da laftof sun daɗe da komawa waya ba su lura ba. Laftof ɗin tana cikin jaka a saman durowa, sai an yi wata ba a buɗe ta ba. Irin waɗannan, tab ba laftof zai gada musu ba, wayar zai sauƙaƙa wa wahala.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubutu. Ba saƙon layi biyu ba, rubutu na gaske: rahoton taro, jarrabawar ɗalibai, takardar neman aiki, furojet na kammala karatu. Buga shafi goma a kan gilashi azaba ce, madannan da ke fitowa a fuska suna cinye rabin wurin da kake kallo. Maganin shi ne a sayi kibod na Bluetooth, a sayi rigar da za ta tsayar da tab ɗin a kan tebur, wataƙila a ƙara da maus. Kafin ka ankara ka harhaɗa laftof da hannunka, gutsure-gutsure, kowane da batirinsa da za a yi wa caji, kuma ba ta zama a kan cinya. Idan aka tara kuɗin waɗannan a kan kuɗin tab mai kyau, sau da yawa an kama ƙafar kuɗin laftof ta hannu mai lafiya.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa, wanda mai shago ba zai taɓa faɗa maka ba domin shi ma bai taɓa tunaninsa ba: haruffa masu ƙugiya. A kan gilashi abin da sauƙi, manhajar Gboard tana da Hausa, ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan kusa. Amma kibod ɗin da za ka saya a kasuwa na Turanci ne, ba a zana masa waɗannan haruffa ba, kuma yadda kowane tab ke karɓar kibod na waje ya bambanta. A Windows akwai tsarin madannan Hausa a ciki, sai dai a kunna shi, akwai kuma manhajar Keyman da masu rubutu da harsunan Afirka suka daɗe suna amfani da ita. Duk wanda ke rubuta Hausa da gaske, ya je shagon da niyyar gwaji: a haɗa kibod ɗin a gabansa, ya buga "ƙasa" da "kasa", ya buga "ɓata" da "bata", ya ga ko na'urar ta san bambancinsu. Idan sai ya riƙa ɗaga hannu daga kibod yana taɓa gilashi a kan kowace ƙugiya, to ya san abin da ke jiransa a shafi na ashirin.

Daga nan sai Word da Excel. Suna nan a Android da iPad, amma da sharaɗi. Microsoft ya daɗe da tsarin cewa na'urar da fuskarta ba ta wuce inci 10.1 ba za ta iya rubutu da gyara kyauta, wadda ta wuce haka sai an biya kuɗin Microsoft 365 na wata ko na shekara, in ba haka ba sai dai ka buɗe takarda ka karanta. Abin dariyar shi ne iPad na talakawa inci 10.2 ne daga na bakwai zuwa na tara, na goma kuma 10.9, Galaxy Tab A9+ na Samsung inci 11. Wato daidai girman da ya dace da rubutu shi ne girman da ake biya. Akwai hanyar kaucewa. Google Docs da Google Sheets kyauta ne, ana iya saita su su yi aiki ba intanet, WPS Office ma da yawa sun saba da shi tun a waya. Ga wasiƙa da ƙaramin lissafi irin na Kawu, sun wadatar har da saura. Sai dai takardar da aka tsara a ɗayansu, idan aka buɗe ta a Word na shagon buga takardu, wani lokaci layuka su goce, tebur ya karkace, lambar shafi ta koma inda ba a ajiye ta ba. Wanda ya san wannan yakan mayar da takardarsa PDF kafin ya tura, domin PDF ba ya motsi.

Ɗalibi kuwa, musamman na Kadpoly ko KASU, ya tsaya ya tambayi 'yan gaba da shi a sashensu kafin ya sayar da laftof. Mai karanta zanen gine-gine ko injiniyanci zai buƙaci cikakken AutoCAD. Mai nazarin alƙaluma a furojet zai ji malaminsa ya ambaci SPSS, kuma SPSS ba ya hawa tab. Mai koyon zanen kati da kalanda zai tarar masu ɗab'i da yawa da CorelDRAW suke aiki. Akawun da ya saba da Excel mai macro, wato umarnin da ke yin aiki da kansa idan an danna, zai buɗe fayil ɗinsa a tab ya ga lambobin suna nan amma maɓallan da ke yi masa aikin sun mutu, domin Excel na waya ba ya tafiyar da su. Babban furojet mai babi biyar, da jerin abubuwan da ke ciki da manazarta da lambobin shafi iri biyu, ana iya yin sa a tab idan an nace, kamar yadda ake iya zuwa Zariya a keke.

Iyaye masu cewa za su saya wa yaro tab "don ya koyi kwamfuta" su ma akwai gyara a zancensu. Yaron da ya taso da tab gwanin shafa gilashi yake zama, abin da ya riga ya iya tun a wayar uwarsa. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma a ɗakin jarrabawa kibod da maus zai tarar a gabansa, agogo na tafiya. WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zana ta a waje tun 2024. Yaron da bai taɓa riƙe maus ba, ranar jarrabawa ba ranar koyo ba ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohuwar laftof mai jan ƙafa ta fi sabon tab amfani a wannan fanni.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke ɓata rai. Tsohuwar firinta mai waya, irin wadda ke ofisoshin makarantu da yawa, tana buƙatar a saka mata manhajarta da ake kira direba a kwamfuta, tab kuwa ya fi jituwa da firinta mai Wi-Fi. Filash ɗin da aka saba da shi mai faɗin baki ba ya shiga tab sai da 'yar mahaɗa. Wasu shafukan rajista na makarantu da na gwamnati da kwamfuta aka gina su a rai, a tab sai ka ga maɓallin da za ka danna ya ɓuya, ko ɗora hoton fasfo ya ƙi. Sannan tab yana son intanet kamar yadda waya ke so: hotuna su hau can, manhajoji su sabunta kansu da dare. Google na ba da gigabait 15 kyauta, Apple na ba da 5 kacal, bayan nan sai biya. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wanda bai shiga saiti ya hana sabuntawa ta kan data ba zai riƙa mamakin inda kuɗinsa ke tafiya.

To amma kafin a kai ga zaɓi tsakanin biyun, akwai tambayar da ta kamata a fara yi, wadda ita na yi wa Kawu: shin laftof ɗin ta mutu ne, ko dai abu biyu ne kawai suka gaji a cikinta? Domin a mafi yawan tsofaffin laftof, abin da ke jan ƙafa ba furosesa ba ce. Rumbun ajiya ne. Tsohon rumbu, wanda masu gyara ke kira had dis, faifai ne na gaske da ke juyawa a ciki, yawanci sau 5,400 a minti, da wata allura da ke bin sa tana neman bayani. Duk abin da ka danna, sai allurar ta je ta nemo. Sabon rumbu da ake kira SSD ba shi da abin da ke motsi, irin ma'ajiyar da ke cikin waya da tab ce, kuma shi ne rabin sirrin saurin da mutane ke yabawa a tab. Idan aka cire tsohon aka saka SSD, kwamfutar da ke cin mintuna kafin ta tashi takan tashi cikin ƙasa da minti ɗaya. Idan aka ƙara RAM daga gigabait 4 zuwa 8, ta samu sarari. RAM kamar tabarmar da mai kaya ke bajewa ce: rumbu na iya cika da kaya, amma abin da tabarma ta ɗauka kawai ake iya cinikinsa a lokaci guda. Sai batir, wanda a tsofaffin samfura irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad ake cirewa a saka wani cikin sauƙi. A buɗe ta a hure ƙura, a sabunta man da ke sanyaya furosesa. Masu gyara a shagunan da ke kewayen Ahmadu Bello Way da kasuwar Sheikh Gumi aikin yini ɗaya ne a wurinsu, kuma kuɗinsa bai kai na tab mai kyau ba. Sai dai batirin da ake samu a kasuwa sa'a ne, wani ya yi shekara biyu, wani wata uku, don haka a nemi mai shagon da zai yarda a dawo masa da shi.

Wannan ma bambanci ne da ya kamata a sa a ma'auni. Laftof ana buɗe ta da sukudireba a canza abin da ya lalace. Tab da gam aka manne shi, ba a ƙara masa RAM, canza batirinsa aiki ne na ƙwararre, idan gilashi ya fashe kuwa komai ya tsaya, tunda gilashin shi ne fuska shi ne madannai. Laftof da fuskarta ta fashe ana iya jona ta da talabijin a ci gaba da aiki.

Sai dai gyaran yana da iyaka, kuma iyakar daga Microsoft ta zo. Windows 10, wanda ya fito a 2015, an daina ba shi tallafi na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, tare da ƙofar ƙarin shekara guda ta gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗa: sai na'ura na da abin tsaron da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai furosesa daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Yawancin tokumbon da suka cika gari, irin su EliteBook 840 G3 mai zubi na shida da Folio 9470m mai zubi na uku, ba su cika sharaɗin ba. Ba wai za su daina kunnuwa ba ne. Za su ci gaba da aiki, amma duk ɓarakar tsaron da aka gano daga baya ba mai toshe ta, kuma wanda ke shiga asusun banki ko imel a kai ya kamata ya damu. Masu gyara sun iya ɗora Windows 11 ta bayan gida, yana kuma tafiya, amma Microsoft bai yi alƙawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba. Hanya mafi tsafta a ganina ita ce Linux Mint, ko ChromeOS Flex da Google ya fitar a 2022 musamman don tsofaffin kwamfutoci. Duka kyauta ne, duka ba su da nauyi. Matsalarsu biyu: idan abu ya rikice, ba kowane mai gyara a unguwa ya san kansu ba, kuma Word da CorelDRAW na Windows ba sa hawa kai tsaye. Ga yaron da zai koyi buga rubutu da riƙe maus, ko mai rubutu a Google Docs, sun isa.

Wanda ya auna duk wannan ya ga tab ne daidai da shi, to saura ya tsallake ramukan kasuwa, kuma suna da yawa. Na farko shi ne tab marasa suna masu araha, waɗanda kwalinsu ke ɗauke da lambobi masu ban tsoro. Araha ba ta ado. Idan ka ga an rubuta RAM "4+4", huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ne daga rumbu, ba ya kai na gaske sauri. Kada a sauka ƙasa da RAM 4 na gaske da rumbu mai gigabait 64, kuma a duba ko yana karɓar memori, domin yawancin na Samsung da Lenovo suna karɓa, iPad kuwa ba ya karɓa sam. Na biyu, iPad na hannu da ke maƙale da asusun iCloud na mai shi na farko. Tun 2013 Apple ya saka wannan makulli, kuma idan mai shi bai cire ba, abin da ka saya faranti ne. Android ma na da irin nasa da ke neman asusun Google na baya. Don haka a goge na'urar gaba ɗaya a gaban mai shago, a sake saita ta, ka shiga da asusunka, sannan kuɗi su fita daga aljihu. Na uku, tab ɗin Amazon Fire ba ya zuwa da Play Store, haka ma na Huawei da suka fito bayan takunkumin da Amurka ta saka wa kamfanin a 2019 ba sa zuwa da manhajojin Google. Tsohon iPad da ya daina karɓar sabuntawa shi ma tarko ne, yana da kyan gani amma manhajoji za su riƙa ƙin sauka a kansa ɗaya bayan ɗaya.

Sai batun layi. Tab iri biyu ne, mai shan sim da mai Wi-Fi kaɗai. A ƙasashen da kowane gida ke da Wi-Fi, na biyun ya isa. A nan kuwa, mai Wi-Fi kaɗai yana nufin kullum wayarka ce za ta riƙa ba shi intanet ta hotspot, tana zafi, batirinta na zuba. Ga matashi ba komai ba ne. Ga dattijo irin Kawu, wanda zai kira ni duk lokacin da haɗin ya yanke, mai sim ya fi kwanciyar hankali ko da ya ɗan fi tsada.

Na ce wa Kawu ya ɗauki mako guda yana rubuta duk abin da ya buɗe laftof ya yi. Da na koma ranar Juma'a bayan an sauko, ya miƙo mini takardar da kyakkyawan rubutun nan nasu na malaman da. Karatun jarida ya fito sau shida, sauraren karatu sau huɗu, duba hotunan jikoki sau biyu. Rubutu sau ɗaya ne, takardar gayyata mai layi tara, sai lissafin rijiya da ya ƙara wa suna uku.

Na ce, "Kawu, ka ce wa Yaya na Abuja ya sayo, amma mai sim, kuma ya haɗo da riga mai kauri."

"Ita kuma wannan fa? A sayar?"

Na ce a'a. Mun kwashe takardunsa da hotunansa muka zuba a filash biyu, ɗaya a wurinsa ɗaya a wurina, domin ko sayarwa za a yi ba a miƙa wa baƙo kwamfuta da sirrin gida a ciki. Aka saka mata SSD, aka hure ƙurar shekaru. Yanzu tana ɗakin jikarsa da za ta zana JAMB, tana koyon buga rubutu ba tare da kallon yatsunta ba. Kawu kuma yana zaure da allonsa. Ranar da rahoton kwamiti ya yi tsawo, sai ya ƙwala mata kira ta fito da laftof ɗin, shi yana faɗa tana bugawa, yana leƙawa ta saman tabarau yana nuna mata inda ta manta ƙugiya.